Daga Bakin Kwara Zuwa Bakin Tejo: Labarin Ƙasar Fotugal

Yau ina so uwargida ta ɗan ajiye muciya, 'yan makaranta kuma su rufe littafin lissafi, mu yi tafiya tare zuwa wata ƙasa mai nisa. Tafiyar nan ba ta bukatar guzuri ko kuɗin mota, kunne kurum take so.

Bari in fara gaya muku abin da ya jawo ta. Ran Asabar 7 ga watan Mayu 2022, kwana biyar bayan ƙaramar Sallah, muna zaune a tsakar gida a Birnin Yauri bayan an yi magariba, sai muka ji samari sun ɓarke da ihu a bakin titi. Gabana ya faɗi, don kun san a 'yan shekarun nan ihu ba abin wasa ba ne a ƙasarmu. Na aiki wani yaro ya gano mini. Jim kaɗan ya dawo a guje yana haki, ya ce, "Inna, Zaidu ne ya ci!" Na ce, "Ya ci me?" Ya ce, "Ƙwallo mana, a Fotugal!" Wata maƙwabciyata da ta shigo ɗiban wuta ta ce, "Ina ne kuma Fotugal?" Muka tambayi samarin nan ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya san Ronaldo mutumin can ne, kowa ya san launin rigar ƙungiyoyinsu, amma daga nan ba wanda ya iya ƙara ko kalma ɗaya. Wannan ya sa na ce lalle sai na nemo labarin ƙasar nan na kawo muku. Da na tona kuwa, sai na tarad da abin da ya shafe mu mu mata fiye da yadda na zata.

Ɗan Jega A Ƙasar Turawa

Shi wannan Zaidu Sanusi ɗan ƙasarmu ne. An haife shi a Jega cikin 1997, garin nan da kukan ratsa in kun tashi daga Yelwa kun wuce Koko za ku Birnin Kebbi ko Sakkwato. Cikin 2016 ya tafi Fotugal neman abinci da ƙafarsa. Ya fara da ƙananan ƙungiyoyi, ya yi zama a Mirandela, wani gari na cikin duwatsu inda sanyi ke kai wa ga ƙashi. Cikin 2019 ya koma Santa Clara, ƙungiyar wani tsibiri da ke tsakiyar teku, watau dai ya zama Bagunge na ɗan lokaci. Cikin 2020 babbar ƙungiyar nan ta Porto ta saye shi. To, a daren da nake ba ku labari, Porto ta je gidan babbar kishiyarta Benfica a Lisbon. Lokaci ya cika ba wanda ya ci, ana cikin 'yan mintocin da alƙali yakan ƙara, sai ɗan Jega ya sheƙo daga baya ya jefa ƙwallo a raga. Da wannan ci Porto ta ɗauki kofin ƙasar karo na 30.

Hanyar Zuwa

Yanzu sai mu kama hanya. Da za ki shiga jirgin ruwa a bakin kasuwar Yelwa, a ɗauke miki madatsun Kainji da Jebba daga hanya, ruwan Kwara zai yi ta gangarawa da ke ta Lakwaja da Anaca har ya zuba ki cikin teku. Haka wasu Turawan Ingila biyu, wa da ƙane, Richard da John Lander, suka yi cikin 1830, bayan sun yi makonni a cikin ganuwar Birnin Yauri suna neman takardun Mungo Park. In kin fita teku sai ki karkata dama, ki bi gaɓar Afirka ta Yamma, ki wuce Ikko da Ankara da Dakar, ki miƙe arewa ki wuce Maroko. Ƙasar Turai ta farko da ke fuskantar babban teku sosai ita ce Fotugal. 'Yar siririya ce, ta ɗara Jihar Neja kaɗan, ta jingina bayanta da Sifen ta juya fuskarta ga ruwa. Mutanenta miliyan 10 ne da 'yan kai.

Kada ku raina ta don ƙanƙanta. Mutanenta su ne Turawan da suka fara isowa gaɓar ƙasar nan tamu ta jirgin ruwa, wajen 1472, kuma kafin 1490 sun kai fadar Sarkin Bini. Sunan nan Legas da ake kiran Ikko da shi daga bakinsu ya fito, har ma suna da garinsu mai wannan suna a kudancin ƙasarsu, inda aka yi cinikin bayin da aka kwaso daga Afirka tun 1444. Rogon nan da kuke dafawa kuna ci da ƙuli, su suka ɗauko shi daga Barazil suka kawo Afirka. Kun ga ashe akwai hannunsu a cikin tukunyarmu, akwai kuma laifinsu a cikin tarihinmu.

Lisbon Da Matanta

Babban birninsu Lisbon yana bakin wani kogi da suke kira Tejo, wanda ya buɗe a nan ya yi fāɗi kamar yadda Kwara ta buɗe ta zama tafki a ƙasan Yelwa. An gina birnin bisa tuddai, tituna suna hawa suna sauka, an manna wa bangayen gidaje faranta na tangaran masu zanen shuɗi. Wadda ta tashi a bakin ruwa ba za ta ji baƙunci ƙwarai ba, don mutanen kifi ne kamar Sarkawanmu. Suna gasa ƙananan kifi a kan gawayi a ƙofar gida, kuma abincin da suka fi ji da shi busasshen kifi ne mai gishiri, wanda sai an jiƙa shi kwana guda ko biyu kafin a dafa. A zamanin da matan masunta ke ɗora faifan kifi a kā, suna bin unguwa unguwa suna talla da babbar murya, galibi ba takalmi. A wani gari na bakin teku da ake kira Nazare, har yanzu tsofaffin mata sukan shanya kifi a rana bisa raga, kamar dai kina Ngaski.

Wani abin da zai ba ku mamaki shi ne Musulmi sun mallaki yankuna na ƙasar nan fiye da shekara 500, tun bayan 711 har 1249. Sun tafi, amma sun bar sawu a harshe. Lardinsu na kudu sunansa Algarve, watau Algarbu, yamma. Tsohuwar unguwar Lisbon sunanta Alfama, shi ma daga Larabci ne. In Bafotuge yana fatan wani abu sai ya ce "oshala", watau in sha Allah ce ta sha hanya. Har akwai gari mai suna Fatima, wanda ya zama babban wurin ziyarar Kiristoci 'yan Katolika tun 1917, sa'ad da wasu yara uku makiyaya suka ce sun ga Maryamu a can. Ku riƙe sunan garin nan, za mu komo gare shi.

Waƙar Bege

In dare ya yi a Alfama, sai ki ji wata irin waƙa tana fitowa daga ƙananan ɗakunan cin abinci. Sunanta fado, ma'anarsa kuwa ƙaddara. Mace ce galibi take tsayawa, ta yafa baƙin mayafi, ta rufe ido, maza biyu na zaune suna kaɗa mata, ɗaya da wata garaya tasu mai tsirkiya 12. Ba a rawa, ba a guɗa, ko cokali ba a so ya yi ƙara sai ta gama. Abin da take rerawa shi ne miji ya tafi teku bai komo ba, ɗa ya tafi ci-rani ba wasiƙa, talauci, da rabuwa.

Suna da wata kalma, saudade, wadda suke alfahari wai ba ta fassaruwa. Ni kuwa na ce su zo Yauri. Sa'ad da ruwan Kainji ya taso cikin 1968, ya ci tsohon garin Busa da gungu da dama, aka tā da mutum fiye da 40,000 aka sake musu mazauni. Wadda ta taɓa shiga jirgi da tsohon Bagunge, ta ga ya sassauta tuƙi a tsakiyar ruwa ya nuna da baki ya ce nan ne gonar albasar ubansa take, nan kuma kushewar kakarsa, to ta san saudade. Bege ne na abin da ya wuce ba ya komowa.

Sarauniyar wannan waƙa ita ce Amalia Rodrigues. An haife ta cikin 1920 a gidan talakawa, ta yi tallar 'ya'yan itace a bakin tashar jiragen ruwa tana yarinya, daga baya muryarta ta kai ta Faransa da Amurka da Japan. Da ta rasu cikin 1999 sai da ƙasar ta yi kwana uku tana makoki.

Malamin Da Ya Kulle Bakin Ƙasa

To, ga inda labarin ya ɗauki nauyi. Cikin 1926 soja suka kifar da gwamnati. Da suka rasa yadda za su yi da baitulmali, sai suka kira wani malamin jami'ar Coimbra, masanin sha'anin kuɗi, sunansa Antonio Salazar, suka ba shi ministan kuɗi cikin 1928. Kafin 1932 ya zama Firayim Minista, bai kuwa sauka ba sai 1968, shekara 36 ke nan.

Ba irin azzaluman nan ba ne masu kaki da lambobi da tsawa. Mutum ne shiru-shiru mai baƙar kwat, bai taɓa aure ba, ga tsumulmula, har mai kula masa da gida tana kiwon kaji a bayan gidan gwamnati. Amma shiru-shiru ba tsoro ba ne, ba kuma tausayi ba ne. Jam'iyya ɗaya kurum ya yarda da ita. Ya hana ma'aikata yajin aiki. Kowace jarida da kowane littafi da kowace waƙa sai sun bi ta hannun ma'aikatan tacewa, waɗanda ke soke abin da ba su so da shuɗin fensir. Yana da 'yan sandan ciki da ake kira PIDE, su kuma suna da 'yan rahoto a kasuwa da ofis da makaranta, har ya zama mutum ba ya sakin baki gaban maƙwabcinsa. Wanda ya yi magana a kai shi kurkukun Peniche na bakin teku, ko a tura shi Tarrafal a tsibiran Kef Bad, inda zazzaɓi ya kashe da dama. Wani janar, Humberto Delgado, ya yi ƙarfin hali ya tsaya takarar shugaban ƙasa cikin 1958, aka murɗe zaɓen, cikin 1965 kuma 'yan sandan ciki suka yaudare shi zuwa bakin iyaka suka kashe shi. Dokokin sun kai har ga abin dariya, don sai da lasin mutum zai riƙe ƙyastun zamani, watau laita, wai kada kasuwar ashana ta faɗi.

Ku kuma ji rabon mata. Doka ta ce miji shi ne shugaban gida, wannan ba baƙon zance ba ne gare mu, amma ku ji iyakar da aka kai shi. Matar aure ba ta fita ƙasar waje sai da izinin miji a rubuce, ba a sassauta wannan ba sai 1969. Miji yana da iko ya buɗe wasiƙar matarsa. Malamar firamare ba ta aure sai ta nemi yardar ma'aikatar ilimi. Ma'aikaciyar jinya a asibitin gwamnati kuwa an daɗe ana hana ta aure sam. Mata kaɗan ne ƙwarai ke da ƙuri'a. Cikin watan Mayu 1954, a ƙauyen Baleizao, wasu mata masu girbin alkama suka je neman a ƙara musu ladan yini. Wani hafsan 'yan sanda ya harbe wadda ta yi magana a madadinsu, Catarina Eufemia, mai shekara 26, uwar 'ya'ya uku, tana riƙe da jaririnta.

Babban makaminsa kuwa, a ganina, ba bindiga ba ne. Makaranta ce da ya taƙaita. An rage karatun tilas ya koma shekara uku kacal. Da aka ƙara shi zuwa huɗu cikin 1956, maza kaɗai aka ƙara wa, 'yan mata sai 1960. Ra'ayin masu mulki shi ne talaka ya iya sa hannu da ƙidayar canji, ya isa. Saboda haka har 1970, a tsakiyar Turai, mutum ɗaya cikin huɗu bai iya karatu ba, a cikin mata kuwa kusan ɗaya cikin uku.

Abubuwa Uku

To, mutanen da aka hana su magana, aka hana su karatu mai zurfi, da me za a cika musu yini? Su Fotugawa da kansu suka ba da amsa, suka ce da abu uku masu farawa da harafin F a harshensu, watau fado, da Fatima, da futebol, ƙwallon ƙafa ke nan. Waƙa ta ce maka wahalarka ƙaddara ce, wurin ziyara ya ce ka yi haƙuri, tamaula kuma ta mantar da kai ran Lahadi. Gaskiya ita ce shi Salazar ba mai sha'awar ƙwallo ba ne, fado ma da fari gwamnatinsa kallon waƙar 'yan tasha take yi mata. Amma da suka ga inda zuciyar jama'a take, sai suka sa mata linzami. Mawaƙi sai da katin izini, baitocinsa sai an duba. Kun san yadda uwa ke yi wa yaro tawai in tana so ya yi barci ta samu ta yi aikinta. Haka aka mai da waƙa da ƙwallo.

Babban misali shi ne Eusebio, baƙar fata ɗan Mozambik, wadda a lokacin tana hannun Fotugal. An haife shi cikin 1942 a unguwar talakawa, ya koyi ƙwallo da ƙunshin tsumma ba takalmi, kamar yaranmu. Cikin Disamba 1960 Benfica ta kawo shi Lisbon. Don kada kishiyarta Sporting ta ƙwace shi, sai aka riƙa ambatonsa da sunan mace a cikin saƙonni, aka kuma kai shi garin nan Legas na kudu aka ɓoye. Cikin 1962 ya ci Real Madrid biyu a wasan ƙarshe, Benfica ta ɗauki kofin Turai. Cikin 1965 aka zaɓe shi gwanin gwanayen Turai. Cikin 1966, a gasar duniya a Ingila, Koriya ta Arewa ta ci Fotugal uku ba ko ɗaya, Eusebio shi kaɗai ya rama huɗu, aka tashi 5 da 3. Ya gama gasar da ƙwallo 9, ba wanda ya kai shi.

Gwamnati ta yi ta nuna shi ga duniya, tana cewa ku duba, mu da 'yan Afirka uwa ɗaya uba ɗaya muke. Alhali a daidai wannan lokaci sojanta suna yaƙi da 'yan'uwansa masu neman 'yanci, a Angola tun 1961, a Gini Bisau tun 1963, a Mozambik tun 1964. Da manyan ƙungiyoyin Italiya suka neme shi da kuɗi mai yawa, ba a bar shi ya tafi ba. Shi da bakinsa ya sha faɗi cewa Salazar ya ce shi dukiyar ƙasa ne. Ana yi masa tafi, amma ƙafarsa a ɗaure take.

Habaici

Sai dai masu mulki sun manta da abu guda wanda kowace mace ta sani. Wace ce a cikinmu ba ta taɓa jin amarya tana niƙa tana waƙa, ba ta ambaci sunan kowa ba, amma uwargida ta ji, maigida ya ji, har uwar miji ta ji? Mawaƙan Fotugal su ma sun koyi habaici. Sai a yi waƙar masoyi da aka raba da masoyiyarsa aka kai shi nesa inda ba ya jin kome sai iska da teku, mai shuɗin fensir ya ga waƙar soyayya ce, jama'a kuwa su san kurkukun Peniche ake nufi. Amalia ta rera irin wannan cikin 1962, da hukuma ta farga sai ta hana sa ta. An daɗe ana zarginta da zama 'yar lelen gwamnati, sai bayan rasuwarta aka bayyana ashe tana ba da kuɗi a ɓoye don taimakon waɗanda ake tsarewa.

Filin ƙwallo ma ya juya musu. Cikin watan Yuni 1969 ƙungiyar 'yan jami'ar Coimbra ta kai wasan ƙarshe na kofin ƙasa, za ta kara da Benfica. Ɗalibai suka cika fili, suka riƙa ɗaga ƙyallaye masu rubutun neman 'yanci da ƙarin makarantu, suna miƙa su hannu da hannu kafin 'yan sanda su iso. Shugaban ƙasa ya ƙi zuwa, aka kuma hana nuna wasan a talabijin. Ku lura da kyau, waɗanda suka yi wannan masu karatu ne.

Daren Da Waƙa Ta Tā Da Mutane

Cikin 1968, shekarar da ruwa ya ci gungunmu, Salazar ya faɗo daga kujera ya bugu a kā, daga baya jini ya taru masa a ƙwaƙwalwa. Aka naɗa Marcelo Caetano a gurbinsa, amma ba wanda ya iya gaya masa. Har ya mutu cikin 1970 na kusa da shi suna barinsa yana tsammani shi ke mulki. Wanda ya hana a gaya wa jama'a gaskiya, shi ma ya ƙare ba mai gaya masa.

Yaƙin Afirka kuwa ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Samari suna mutuwa, iyaye mata suna sa baƙi, mutum fiye da miliyan guda suka bar ƙasar, galibi zuwa Faransa, da yawa ta ɓarauniyar hanya. Ƙananan hafsoshin soja suka gaji, suka ƙulla shawara a asirce. Da me za su sanar da juna lokaci ya yi, ga 'yan rahoto ko'ina? Sai suka zaɓi waƙa. Ran 24 ga Afrilu 1974, saura minti biyar sha ɗayan dare, wani gidan rediyo ya sa wata waƙar soyayya da kowa ya sani, ma'anarta a shirya. Sha biyu da minti ashirin wani gidan rediyon ya sa waƙar Jose Afonso mai suna Grandola, wadda ke yabon wani gari na manoma da zumuncinsu, ma'anarta a tashi. Kafin gari ya waye motocin soja sun shiga Lisbon.

An yi shela kowa ya zauna a gida, mutane suka ƙi, suka fito suka kewaye sojan. A cikinsu akwai wata mata, Celeste Caeiro, mai aiki a wani gidan abinci. Ran nan gidan ke cika shekara guda, an sayi furanni za a raba wa masu cin abinci, da aka ga hali sai maigidan ya rufe ya ce ma'aikata su kwashe furannin. Tana tafe da dami a hannu, wani soja ya roƙe ta taba. Ta ce ba ta da taba, sai ta miƙa masa jan fure, irin mai ƙanshin kanumfari. Ya karɓa ya soke shi a bakin bindigarsa. Ta bi sauran tana ba su, masu sayad da furanni su ma suka kama. Kafin faɗuwar rana Caetano ya ba da kai. Mulkin shekara 48 ya faɗi a yini guda, mutum huɗu kurum 'yan sandan ciki suka harbe a ƙofar ofishinsu. Ita Celeste ta rayu har Nuwamba 2024. Babbar gadar da ke kan Tejo, wadda aka buɗe cikin 1966 da sunan Salazar, yanzu sunanta Gadar 25 ga Afrilu.

Bayan shekara guda cif aka yi zaɓe, kowace mace ta sami damar jefa ƙuri'a, fiye da 90 cikin 100 na masu rajista suka fito. Mu matan Arewa ba mu sami wannan dama ba sai 1976, kun ga kusan tare muka shiga. Cikin 1979 mace ta zama Firayim Ministar Fotugal, Maria de Lourdes Pintasilgo. Gini Bisau da Mozambik da Angola suka sami 'yanci tsakanin 1974 da 1975, gwamnatin Janar Murtala kuwa ta tsaya wa Angola tsayin daka. Daga baya 'ya'yanmu suka fara zuwa can da ƙafarsu, bisa yarjejeniya, in ta ƙare su yi gaba. Rashidi Yekini, haifaffen Kaduna, ya yi wa Setubal wasa, ya fi kowa ci a ƙasar a kakar 1993 zuwa 1994 da ƙwallo 21. Bayansa da shekaru ga ɗan Jega.

Mu Komo Gida

To, 'yan'uwa, ga mu mun komo bakin Kwara. Ban kawo labarin nan don in ce a hana yara kallon ƙwallo ko a kashe rediyo ba. Waƙa ba ta da laifi, tamaula ba ta da laifi. Waƙar da aka yi wa Fotugawa tawai da ita, da irinta aka tashe su. Bambancin yana ga kunnen mai ji, abin da ke buɗe kunne kuwa karatu ne. In yaronki ya san sunan 'yan wasan Porto goma sha ɗaya amma bai san sunan kansilan mazaɓarsa ba, bai kuma taɓa tambaya me ya sa ba magani a asibitin garinsu ba, to a ƙara masa da wani abu. In 'yarki ta haddace waƙoƙin biki da na 'yan siyasa, ki zaunar da ita ki tambaye ta wa ya biya mawaƙin, me kuma yake so a manta.

Na ce muku gabana ya faɗi da na ji ihu a daren nan. Kun san dalili. Tun ran 17 ga Yuni 2021, da 'yan bindiga suka shiga kwalejin gwamnatin tarayya ta Birnin Yauri suka kwashi 'ya'yanmu, waɗansu 'yan matan ba su komo ba sai 2023, iyaye da yawa suka shiga shakkar tura 'ya mace makaranta. Ba mai ganin laifin uwar da ta ji tsoro. Amma ku tuna shekara uku kurum Salazar ya yarda wa 'yar talaka, ya kuwa san abin da yake yi. Mu matsa wa hukuma ta tsare makarantu, mu kuma mai da 'ya'yanmu aji.

Ku 'yan makaranta, ga ɗan aiki. Ku nemi taswirar duniya, ku ɗora yatsa a kan Yelwa, ku bi Kwara har teku, ku nemo Lisbon. Sa'an nan in yayyenku maza sun fara gardamar ƙwallo, ku tambaye su ko sun san matar da ta ba soja fure. In ba su sani ba, ku ba su labari.

Allah ya kiyaye mana zuriya, ya ba mu zaman lafiya. Sai mako mai zuwa in muna da rai.